Kanwar Dutsen Mai Hula

Ku rage murya, ku matso. Kun san Shamwilu, ɗan ƙanen Baba na Kaduna, mai ganin kowa baƙauye ne? To, labarinsa ne.

Wata uku ya yi yana shirin hawa Dutsen Mai Hula, wanda gajimare ba ya barin kansa. Ya sayo takalmi kamar na soja, da sandar ƙarfe, da jakar da ta fi shi faɗi. Kullum gudu a titi, wai motsa jiki. Duk don ya ɗau hoto a ƙololuwa ya nuna wa abokai.

A gindin dutsen, tsohon maharbi Baba Dikko ya miƙa masa ƙullin kanwa.

"Sa a aljihu, ɗana. Masu dutsen na da shanu. Wanda ya roƙa, ka ba shi. Kuma ka jira 'yan rakiya."

Shamwilu ya taɓe baki. "Baba, ko cokali sai da na auna. Ban da wurin tarkace."

Ya jefar da ita cikin ciyawa, ya hau shi kaɗai. Kai, wauta!

Da hantsi tsuntsaye suka yi tsit. Iska ta tsaya. Sai ga wata mata a gabansa, tana jan farar saniya. Ciyawa jiƙe take da raɓa, amma zanenta a bushe.

"Sannu, samari. Kanwa fa?"

Bakinta ne ya motsa, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Ya dubi ƙasa. Saniyar na da sawu. Matar ba ta da shi.

Duk da haka, girman kai bai sake shi ba.

"Ba ni da ita, Inna. Hawa na zo yi."

"Hawa?" Ta yi murmushi. "To na ba ka. Yi ta hawa."

Ya juya da gudu, ya bar jaka da sanda. Da la'asar ya faɗo gaban Baba Dikko.

Ya tsira, amma ku dube shi in ya zo. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake ɗaga gwiwa yana haki, kamar mai hawa bene. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta sau biyu. Shekara huɗu ke nan, bai kai ƙololuwa ba.

Kada wanda ya bi hanyar nan shi kaɗai. In tsoho ya ba ku kanwa, ku karɓa da hannu biyu.