Ruwan Lagireto

Sanyin Landan bai yi tsanani ba a 1988, sai Hambali ya kasa zaman gida. Kullum yana garejinsa na unguwar Edmonton, yana fama da tsohuwar Marsandin da ya ƙwallafa rai sai ta tashi. Wata rana da magariba ya watsar da tafasasshen ruwan lagireto a bakin ƙofa, ba bismilla. Wa ke tuna mutanen ɓoye a ƙasar Turawa?

Sai ya ji siririn kuka.

"Salamu alaikum, maigida."

Wani tsoho ne tsaye, sawunsa bai taɓa ƙasa ba, rungume da jaririya, bayanta na tururi.

"Tun daga Kano muke zaune lafiya da kai," in ji tsohon. "Me jikata ta yi maka?"