Keken da Ya Ɓoye a But

"Wannan keken na waye?"

Mijina ya juyo daga wurin mai zuba mana mai, ya hango ni tsaye a bayan mota, but a buɗe. Ruwan sha kawai na zo ɗauka. Ina ɗaga bargo sai ga keken guragu a ƙarƙashin akwatunanmu, sabo fil, ko ledarsa ba a cire ba.

"Rabin raina, rufe mu tafi, saura kaɗan mu isa..."

"Tambayarka na yi! Na waye?"

Tun jiya muke kan hanyar gidanmu, wai hutu ya ɗauka don in ga Umma kafin in haihu. Duk tafiyar tsokanata yake, wai ni da ɗan cikina mun haɗa baki mun cinye masa guzuri. Yanzu ko idona ya kasa kallo.

"Na Umma ne," ya faɗa a hankali. "Ta faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinta na dama ya shanye."

Sai da na dafa motar. "Yaushe?"

"Tun... tun kafin cikinki ya fito."

Na dubi cikina da ya yi gaba, har sunkuyo yake hana ni. Innalillahi! Ashe shi ya sa duk kiran da na yi sai ƙanwata ta ɗauka, yau Umma tana barci, gobe tana da baƙi, jibi layi ba kyau.

Ban san yadda na koma mota ba. Ya tayar, muka hau titi, itatuwa suna wucewa kamar ba a duniyar nan ba.

"Ka san aikina kuwa?" na ce. "Me nake yi a asibiti kullum?"

"Na sani..."

"Masu shanyewar jiki nake koya wa tafiya! Ni nake yi wa dangin mutane faɗa in sun ajiye mara lafiya a ɗaki har gaɓoɓinsa suka sandare. Makonnin farko su ne komai! Sai ga shi tawa uwar aka ajiye, kuma da hannunka a ciki!"

"Yayanki ne ya roƙe ni, Gwaggo ma ta kira tana kuka. Sun ce kada a tayar miki da hankali."

"Kullum haka muke! A rufe, a lallaɓa, a ce da sauƙi, har abu ya lalace sannan a ce ƙaddara ce!"

Ya gangara gefen titi ya tsaya. Idanunsa sun kaɗa jawur.

"Ni na ɗauke ki cikin jini bara, lokacin da kika yi ɓari. Ni na tsaya a ƙofar tiyata ban san ko za ki fito ba. Tsoro na ji, wallahi tsoro na ji! Ban ce na yi daidai ba."

"Ka zaɓa min, ba ka tambaye ni ba."

"Haka ne."

"Ja motar."

Ya ja motar, bai sake tsayawa ba sai a layinmu.

Yaya ne ya tare mu a ƙofa, yana murmushin dole. "Likitar gidanmu! Ai jikin da sauƙi sosai..."

Na raɓa shi na wuce.

Ɗakin duhu, labule a sake, warin man zafi ko'ina. Umma tana kwance, ta rame, hannunta na dama a dunƙule kan ƙirji. Tana ganina hawaye suka gangaro mata, bakinta na motsi, magana ta ƙi fita.

Na yaye labulen, na zauna bakin gado, na warware yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ummata, ni ce. Matse min hannu."

Shiru. Gwaggo ta soma cewa a bar ta ta huta. Ko waiwaye ban yi ba.

"Umma, don Allah... matse."

Sai na ji shi. Ɗan motsi, kamar numfashin jariri, amma na ji shi! Kuka ya ƙwace min.

"Akwai sauran ƙarfi! A tayar min da ita zaune, yanzu!"

Na yunƙura zan ɗaga ta, cikina ya tokare ni. Yaya da Gwaggo suka tsaya suna kallon juna. Mijina ne ya cire takalminsa, ya durƙusa a gefen gadon.

"Nuna min inda zan riƙe. Ba zan koma aiki ba sai ta zauna da kanta."

Na kama hannunsa na kai ƙarƙashin kafaɗarta.

"Nan. A hankali. Kuma ban huce ba fa."

"Na sani, rabin raina. Ki yi fushin, ni dai ki riƙa faɗa min abin yi."

Ya ɗago ta. Umma ta dube shi, ta dube ni, sai rabin bakinta ya yi murmushi.