Mai Kaɗa Tulun Zumunta

A can da, a wani ƙauye, an yi wata tsohuwa mai kaɗa tulu a zumuntar matan coci. Ita ke kiɗa, ƙanwarta ke ba da waƙa. Gidan haihuwa suna can, gidan rasuwa suna can.

Da ƙanwar ta rasu, tsohuwa ta kife tulun, ta daina fita.

Ran nan mijin maƙwabciyarta ya rasu. Mata suka ce, "Mama, zo mu yi mata waƙa."

"Wa zai ba da waƙar?" in ji ta.

Can ta nisa ta ce, "Yesu ma da kuka ya je kabarin abokinsa. Ku tashi mu je."

Ta je ta kaɗa tana hawaye. Sai ga matar mamacin ta ɗaga murya, ta ba da waƙar.