Mai Ƙirga Hamma

Ranar da Ilhom ya fara ganinta, tana zaune bisa kifaffen bokiti a tsakiyar garken tumaki, bakinta a wangame.

Allura ya zo yi wa tumakin, don shi ne likitan dabbobin ƙauyen da ke gindin duwatsun Nurota. Ya tsaya da jaka a hannu yana kallo. Budurwar ta rufe baki, ta dubi tunkiyar da ke gabanta, ta dubi agogo, ta yi rubutu a littafi. Sannan ta sake wangame baki.

"Baiwar Allah, in barci kike ji, ga inuwa can."

Ko juyowa ba ta yi ba, ta dai kira shi aka, wato yaya. "Aiki nake yi, aka. Matsa baya, kana tsorata min lamba bakwai."

"Wane irin aiki ke nan?"

"Hamma nake ƙirgawa."

Sunanta Sabohat. Daga jami'a a Samarkand ta zo, tana binciken digiri na uku. So take ta san ko hamma tana yaɗuwa daga mutum zuwa dabba, da tsakanin dabba da dabba, yadda take yi a tsakanin mutane.

Ilhom ya buɗe baki zai yi dariya, sai hamma ta ƙwace masa. Ta dubi agogo, ta rubuta.

"Daƙiƙa arba'in. Ka fi lamba bakwai saurin kamuwa."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Mai ƙirga, yau sau uku na yi hamma ina tuƙi. Ki rubuta. Duk laifinki ne."

Ta mayar masa: "Abin da ban gani da idona ba, ba ya shiga littafina. Ka zo ka yi a gabana."

Ya zo. Washegari ma ya zo. Tumakin garken nan sun sha duba lafiya a bazarar nan fiye da tumakin kowa. Yakan kawo gurasa mai zafi da busasshen inabi, su zauna a gindin katanga. Kafin a gama sausayar ulu ya daina kiranta mai ƙirga, ya koma kiranta jonim, wato raina. Ta ce masa ya aiko da manya.

A nan aka tsaya.

Mahaifiyar Ilhom, Tursunoy, wadda ake kira hola, wato goggo, ita ce mai kinna, maganin kambun baka, a ƙauyen. Duk wanda kambun baka ya kama, wurinta ake kai shi. Ta cika kofin shayi da toka, ta rufe da ƙyalle, ta riƙa shafa wa mara lafiya a ƙirji tana addu'a tana hamma har hawaye su zubo mata. Ta bakinta cutar ke fita. Shekara talatin ke nan, da wannan hamma ake girmama ta.

Akwai kuma Zumrad, 'yar maƙwabta, wadda ke tankaɗe mata tokar, ta kuma daɗe da sa ran Ilhom. Ta tare Sabohat a bakin famfo tana murmushi.

"Malamar jami'a, hammar hola fa? Ita ma kin ƙirga?"

Sabohat ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce hamma dai hamma ce, hanya ɗaya take bi a jikin mutum da na tunkiya.

Kafin la'asar Zumrad ta kai magana: "Hola, ta ce hammarki da ta tunkiya duk ɗaya."

Tursunoy ta ajiye kofinta. Ta ce ba za ta kai gurasar baiko gidan yarinyar nan ba, sai ta bar wannan aikin, ta kuma tsaya a gaban mata ta ce ta yi kuskure.

Ilhom ya sami Sabohat a garke, fuskarsa ba walwala.

"Jonim, ki faɗa kawai. Baki ne fa. Bayan biki ki koma ga tumakinki, wa zai hana ki?"

"Shekara uku ina zaune a kan bokitin nan, Ilhom aka. Rana ta gasa ni, ƙanƙara ta dake ni. Yanzu in tashi in ce ban ga abin da na gani ba?"

"Saboda ni."

"Saboda kai ne ma ba zan yi ba. In da ƙarya na shiga gidanku, da me zan zauna a ciki?"

Ya tafi ransa a ɓace. Kwana goma sha biyu babu saƙo. Ta ci gaba da zuwa garke, tana ƙirga tana goge ido da bakin mayafi. Littafin bai yi fashin ko rana ɗaya ba.

A rana ta goma sha uku waya ta yi ƙara: "Ni ne mai laifi. Na gaya wa Inna, ko ke ko babu kowa. Ta ce babu kowan ma ya yi mata. Ina nan, jonim, ba inda zan je."

Ta karanta sau biyu. Ta ɗaura kallabi, ta ɗauki littafinta, ta nufi gidan su Ilhom da hantsi.

Mata biyar ne zaune a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi. Hira ta tsaya cak. Tursunoy ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Kin zo janyewa?"

"A'a, hola. Na zo ki ji daga bakina, ba daga bakin famfo ba. Na ce hamma hanya ɗaya take bi a jikin mutum da dabba, kuma haka ne. Addu'arki ban ce komai a kanta ba, don ban auna ta ba. Abin da ban auna ba, ba na magana a kansa. Abin da na auna, ba na janyewa."

"Ko da za ki rasa ɗana?"

Sabohat ba ta sunkuyar da kai ba. "Ko da zan rasa shi."

Tsohuwar ta ƙura mata ido. "Dubi yadda kika rame. Baki ya kama ki. Kwanta nan."

Sabohat ta kwanta bisa shimfiɗa. Tursunoy ta ɗora mata kofin toka a ƙirji, ta fara addu'a, ta yi hamma mai tsawo. Ta yi ta biyu. Sabohat ta cije haƙora, ta damƙe hannu. A ta uku bakinta ya buɗe da kansa. Mata suka fashe da dariya.

"Kun gani? Ya fita," in ji Tursunoy.

"Daga wurinki na kama, hola."

"Ke, yarinyar nan da taurin kai kike!"

"A gidan nan ma na ga akwai shi."

Dariyar ta ɗauke. Zumrad ta dafe baki. Tursunoy ta juye tokar a hankali, ta karkaɗe ƙyallen.

"Shekarar da na fara aikin nan, liman ya zo ya ce in daina. Likita ya zo ya ce in daina. Mijina, Allah ya ji ƙansa, ya fasa min kofi biyu. Kin ga na daina?" Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. "Ki gaya wa mahaifinki ya zauna a gida ranar Alhamis. Za mu zo da gurasa. Ban yarda da maganarki ba, kada ki ɗauka na yarda."

"Ni ma haka, hola."

"Na sani. Tashi ki sha shayi."

Da kaka aka ɗaura aure. An dafa shinkafar biki tukunya huɗu, masu busa ƙaho suka cika unguwa. Amarya ta fito lulluɓe tana rusunawa ga dangin miji ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo gaban Tursunoy ta rusuna sosai, tsohuwar ta sumbaci goshinta. Ilhom yana gefe, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Kwana uku da biki, amarya ta ɗauki bokiti da littafi za ta fita. Mata suka fara ƙus-ƙus. Tursunoy ta ɗaga hannu, suka yi tsit.

"'Yata, gobe ina da mara lafiya da safe. In kina so ki zo da agogonki ki ƙirga ni." Ta nuna littafin da yatsa. "Amma ki buɗe min shafina daban. Kada ki haɗa ni da tumaki."

Allah ya albarkaci gidan nan, ya ba su zuri'a tagari, ya ƙara wa Ilhom haƙuri. Zai buƙace shi.