Kumatun Amarya

Ranar da ta fara shiga kantinsa, kwalbar magani ce ta gagare ta buɗewa. Yatsunta duk sun kumbura, ga shi ita tela ce. Mai magani ya karɓa ya murɗe mata murfin.

"To sai ka riƙa biyo ni gida kana buɗe mini," ta ce tana dariya.

Ya kuwa biyo ta.

Ƙwayar sitiroyid likita ya rubuta mata. A zauren gidansu mai magani ya yi mata bayani: jiki ma yana yin irin wannan sinadari, shi ke tsawata wa garkuwar jiki idan ta haukace tana cin gaɓoɓi. Amma in an daɗe ana shan ƙwayar, jiki yakan daina yin nasa, in aka yanke ta sai jini ya faɗi, har a rasa rai.

"Saboda haka ba a barinta kwatsam, Telata. Kin ji?"

"Na ji, malamina."

Kumburi ya sauka, ta koma kan kekenta. Sai dai maganin ya cika mata fuska.

"Ka rasa wadda za ka kawo mini sai mai jinya?" in ji mahaifiyarsa. "Dubi kumatu! Ga 'yar ƙanwata nan lafiyarta ƙalau."

Da ƙyar ta yarda aka sa rana. Maganar kuwa ta riga ta kai kunnen tela.

Biki ya matso, ya lura ba ta zo karɓar magani ba. Ya tura mata saƙo: "Telata, ƙwayarki ba ta ƙare ba?"

Amsa ta shigo: "Na bar sha. So nake Umma ta ga fuskata ta da. Kar ka gaya wa Baba. Amana na ba ka."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya tsaya da wayar a hannunsa. In ya tona, wataƙila ya rasa ta. In ya yi shiru, shi ya san abin da ke tafe. Ya ja ƙofar kanti ya nufi wurin mahaifinta.

A gindin keken ɗinki suka same ta, ta yi sharkaf da zufa, ba ta iya ɗaga kai.

Da ta farfaɗo a asibiti, ta juya masa baya.

"Ka ci amanata."

"Na ci. Ki ƙi ni kina numfashi, ya fi mini."

Umma na tsaye bakin ƙofa, ta ji komai. Ta shigo ta gyara wa yarinyar matashin kai.

Likita ya mayar da ita kan ƙwayar, zai riƙa ragewa a hankali, yana gwada mata wani sabon magani mai ƙarancin illa. Bai yi alkawarin komai ba.

Ranar ɗaurin aure fuskar na nan yadda take. Umma ta tallabo kumatun da hannu biyu.

"Allah ya ba ki lafiya, 'yata, ya ba ku zaman lafiya. Kin sha na safe?"