Igiyar Visko

Da magariba na koma tsohuwar tashar jiragen ruwa neman laimar da wata baƙuwa ta manta. Aikina ke nan, zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a ganuwa da coci-cocin garinmu na gaɓar tekun Dalmatiya. Tun da teku ta ci mijina Visko, bakina kawai ke aiki, zuciyata ba ta jin komai.

A garinmu, in ruwa bai dawo da gawa ba, matar mamacin kan ɗaura igiya a zoben ƙarfe na jikin ganuwa, ta saki bakinta cikin teku. Ranar addu'ar shekara ta yanke da hannunta. Tawa ta wuce shekara. Surukata Perina ta yi faɗa har ta gaji, wai ko jaki ba a barinsa a ɗaure haka. Sai in ce gobe.

Da rana wani baƙo ya yi ta jan igiyar tawa ana ɗaukarsa hoto, wai ya kamo kifi. Ko hana shi ban yi ba.

Yanzu ga ta a miƙe, tana ƙara a jikin zoben. Ba jirgi, ba iska. Ƙarnin ruwa ya taso, haɗe da warin tabar Visko.

Na kama igiyar. Sanyi ƙarara, ga nauyi, nauyin mutum mai hawowa. Ta naɗe mini wuyan hannu, ta ja ni har gwiwoyina suka kai bakin dutse.

"Nevenka," in ji wata murya, can ƙasa, tana kiran sunana.

Ban yi ihu ba. In ma na faɗa, ban damu ba.

Sai Perina ta cafke ni ta baya. Ashe ta biyo ni daga kasuwar kifi. Ta cusa mini wuƙarta.

"Yanke, 'yar nan. A hannuna ba za ta yanku ba."

"Mama, shi ne fa."

"Na san muryar ɗana."

Ruwan ya dare. Sai ga farin hannu, da zoben aurenmu. A ƙarƙashinsa wasu hannuwan, birjik, suna laluben igiyar.

"Yi sauri," in ji Visko. "Na gaji da tare su."

Na yanke.

Har yau shatin igiyar na wuyan hannuna, ko allura aka soka ba na ji. Baƙi kan tambayi amfanin zoben ƙarfen, in ce na ɗaure jirage ne. Amma kukan da ban yi ba sama da shekara guda, a kan dutsen nan na yi shi. Ina ta cewa Visko ya tafi ya bar ni, ashe ni na hana shi tafiya.