Baba Ya Ce Ba Mai Wankin Ba Ne

"Tun kafin na kai tsakiya na gane wanda ya yi kisan."

Ina faɗa na ga murmushinsa ya ɗauke. Muna zaune a barandar gidanmu, littafinsa na farko a kan cinyata. Malamin makaranta ne, ya daɗe yana rubuta shi, kamar yadda ya daɗe yana nemana.

"Haba, rabin raina... iya abin da kika gani ke nan?"

"A'a. Na so tsohuwar nan mai saƙa da ke bincike tana kurɓar shayi. Na so garin, da fitilun mai, da gulmar mutanen wancan zamanin. Amma ka cika tausayi. Tun ba a zargi mai wankin ba kake ta nema masa uzuri. A nan na kama ka."

Ya miƙe a hankali.

"'Yar kawunki ta ce ba ta taɓa karanta irinsa ba."

"Ita da ko shafin farko ba ta wuce ba?"

Ya tafi, ya kuma daina kira.

'Yar kawun tawa dama tana da ido a kansa. Ta je ta gaya wa Baba cewa mai nemana ba shi da aiki sai tsara yadda ake sa wa mutane guba. Baba ya ce kada ya sake taka masa ƙofa.

Na yi kuka har na gaji...

Ana cikin haka aka yi wa Baba aikin ido, likita ya hana shi karatu. Zaman shiru ya ishe shi.

"Auta, karanta min wani abu."

Na ɗauko littafin, ban faɗi mai shi ba. Kullum bayan la'asar sai mu yi babi ɗaya. Ranar da na kai ƙarshe Baba ya doka sandarsa a ƙasa.

"Ban yarda ba! Mai wankin nan ba zai iya kisa ba, an zalunce shi. Wa ya rubuta wannan?"

Na sunkuyar da kai.

"Shi ne, Baba."

Baba ya jinjina kai.

"Ashe gubar a takarda take. Kira min shi."

Ya zo ya durƙusa ya gaishe da Baba. Baba ya tsare shi da tambayoyi, su yi musu, su yi dariya, har aka kira magariba. Da zai tashi Baba ya ce, "Ka iya zama da tsoho. Turo min manyanka."

A bakin ƙofa ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ni.

"Gaskiyarki ce ta yi min zafi. Ki yafe min."

"Ni ma da na fara da yabon..."

"A'a, kada ki canza." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na yi kewarki. Ko biro na kasa riƙewa."

Na rufe fuska da mayafi ina dariya, hawaye na zuba.

Daga ciki Baba ya ɗaga murya.

"Auta, sake shi ya je ya kira manyan nasa mana."